Inuwar Ƙofar Hukuma a Birnin Shehu

Duk wanda ya nufi Sakkwato ta hanyar Gusau a cikin watan Afrilu, sa'ad da hunturu ya daɗe da wucewa, damina kuwa ko alamarta ba a fara gani daga gabas ba, to, tun daga Talatar Mafara zai soma lura da yadda ƙasa ta bushe ƙayau, gonaki sun zama fili fetal babu abin da ya rage cikinsu sai tushiyar kara, kukoki sun zubar da ganye ƙarƙaf, sabara da geza sun yi furu-furu da ƙura, har in ba don gawo da yake riƙe da ganyensa nan da can a tsakiyar gonaki ba, da sai mutum ya yi tafiya mai nisa idonsa bai sauka a kan wani abu kore ba. Haka za a wuce Tureta, a wuce Dange da Shuni, iska mai zafi tana shigowa ta tagar mota tana dukan fuska, sai can a hangi wani duhu ya gitta a gaba. Wannan duhu kuwa itatuwan birnin ne, waɗanda suke tarbar baƙo tun kafin ya ga hasumiyar masallaci ko rufin wani gida.

A cikin irin wannan lokaci na shiga garin, da niyyar ziyartar Hubbaren Shehu da kuma biyan wata buƙata ta ɗan'uwana a wata ma'aikata, kuma saboda buƙatar nan ta sa na yi ta kai da kawowa tsakanin ofisoshi, sai hankalina ya koma kan wani al'amari da a da nake wucewa ba tare da na yi masa kallo na biyu ba. Na lura cewa kusan duk ginin hukuma da ya kwana biyu a Sakkwato, ko makaranta ce, ko asibiti, ko kotu, ko sakatariya, ko ofishin 'yan sanda, akwai itatuwa a ƙofarsa da harabarsa, kuma galibinsu irin waɗanda ba su rabuwa da ganye ne rani da damina, musamman dogon yaro, sai maɗaci jefi-jefi, da mangwaro, da itacen turare. Har ya zama idan na hangi wuri ya yi duhun itatuwa a jere, an shafa wa gindinsu farar ƙasa, na san ba gidan wani mutum ɗaya ba ne, wuri ne na jama'a. Na tambayi kaina mene ne maƙasudin waɗanda suka dasa su, kuma me ya sa suka zaɓi waɗannan jinsuna suka bar sauran.

A ƙasashen sanyi, kamar Turai da ƙasar Sin, an ce masu mulki kan dasa itatuwan da ba su kaɗewa a gaban fadoji da wuraren ibada domin su zama alamar ɗorewa, wato ido ya ga kore a lokacin da dusar ƙanƙara ta rufe komai, zuciya ta natsu cewa mulki da addini suna nan daram. Wannan ma'ana ba ta rasa gurbi a wurinmu, amma wanda ya tsaya a bakin titin Ahmadu Bello da azahar a cikin bazara zai gane cewa dalilin Sakkwato ya fi wannan kusa da jiki. Ruwan sama a nan daga wajen Yuni ne zuwa Satumba, abin da yake sauka a shekara kuma bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba. Sauran watanni rani ne, kuma daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40 kwana da kwanaki a jere. Hikimar da Allah Ya kimsa wa yawancin itatuwan dajinmu ita ce su zubar da ganye idan ruwa ya janye, domin su tattala ɗan abin da ke jikinsu, don haka kuka da marke da faru duk sukan tsaya babu ganye a daidai lokacin da ɗan Adam ya fi matsuwa da inuwa. Gawo, wanda ya saɓa wa sauran, ya fi dacewa da gona, inda yake zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya kuma ciyar da dabbobi da 'ya'yansa da rani. Amma ƙayarsa da jinkirin girmansa ba su sa an yi sha'awar kai shi ƙofar ofis ba.

Kada a ɗauka cewa Turawa ne suka koya wa mutanen ƙasar nan zama a gindin itace domin sha'anin jama'a. Tun kafin Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a matsayin ribaɗi a shekarar 1809, kuma kafin Shehu Usmanu ya taso daga Sifawa ya zauna a cikinta a 1815, al'adar ƙasar Hausa ce a sami durumi ko ceɗiya ko gamji ko tsamiya a ƙofar gidan sarki da ƙofar gidan malami, inda fadawa ke zama, masu ƙara ke jira, almajirai ke ɗaukar karatu, baƙo kuma ke sauke kayansa kafin a yi masa iso. Durumi da ceɗiya ba su da wahalar dasawa, reshe ake sara a kafa da damina ya kama. Ruwayar da ta shahara ta nuna cewa a gindin wani faru aka yi wa Shehu mubaya'a a Gudu a shekarar 1804, kuma malamai ba su rasa tuna cewa Bai'atur Ridwan ma, a Hudaibiyya, a ƙarƙashin itaciya aka yi ta. Da na zaga tsohon gari na ji ana ambaton Ƙofar Marke da Ƙofar Taramniya da Ƙofar Kaɗe, da Rijiyar Ɗorawa, da Gawon Nama, da Giginya inda aka yi arangama da rundunar Turawa ranar 15 ga Maris, 1903, sai na fahimci irin itatuwan da mutanen farko suka sani a wannan wuri, waɗanda a yau sai ka yi da gaske kafin ka ga ɗaya daga cikinsu a tsakiyar birnin.

Shi dogon yaro, wanda ya gaje wurinsu har yara suke zaton tun fil azal yana nan, baƙo ne daga ƙasar Indiya da Bama. A zamanin da Gwamna Guggisberg yake mulkin ƙasar da ake kira Gana a yau, tsakanin 1919 da 1927, aka yaɗa shi can, daga nan aka kawo irinsa Nijeriya a shekarar 1928, aka fara gwada shi a lardin Barno, sa'an nan a cikin shekarun 1930 ya iso lardunan Sakkwato da Katsina da Kano. A daidai wannan lokaci ne wani masanin gandun daji Bature, mai suna Stebbing, ya tayar da hankalin hukumomi da cewa Sahara tana gangarowa kudu, har Ingila da Faransa suka haɗa kwamiti ya bi iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 da 1937 domin ya gane wa idonsa. Kuma ko da yake kwamitin bai yarda da dukan abin da ya faɗa ba, tsoron kwararowar hamada ya riga ya shiga zukata, ma'aikatan gandun daji na En'e suka duƙufa ga renon itatuwa da rarraba su. Ina aka fi samun wanda zai yi ban ruwa da tsare dashe daga awaki? A harabar makaranta, inda akwai ɗalibai. A bariki, inda akwai lebura da masu gadi. A asibiti da gidan yari da ƙofar hakimi. Wannan shi ne sababin da ya sa tsofaffin itatuwan suka fi yawa a wuraren hukuma, domin a nan ne dashe yake da mai shi. Mu kanmu da muka yi makarantar kwana mun san yadda ake ba kowane yaro itacensa da gwangwaninsa, kuma ba a zuwa wasan yamma sai an duba gindin kowa an ga danshi.

Abin da ya fifita dogon yaro a kan sauran a idon waɗancan ma'aikata a bayyane yake. Saiwarsa takan nutsa ƙasa ƙwarai ta nemo danshi, yana jure tsandauri da jigawa, yana saurin girma har cikin 'yan shekaru a zauna ƙarƙashinsa, gara ba ta cika damun katakonsa ba, idan kuma aka sassabe shi sai ya sake tofowa ya fi da. Yakan yi kaɗar ganye kaɗan wajen ƙarshen hunturu, amma kafin tsohon ganye ya gama zuba sabo ya fito, tare da ƙananan furanni farare masu ƙamshi da dare, saboda haka bazara takan same shi a cike. Kanawa suna ce masa darbejiya, Katsinawa bedi, wasu kuma maina, kuma duk inda ya je an mai da shi ɗan gida: a dafa ganyensa domin zazzaɓi, a yi asuwaki da reshensa, a sa ganyen cikin rumbu domin ƙwari.

Wurin da na fi daɗewa shi ne ƙofar wata kotun shari'a, inda na zauna jiran wani magatakarda. Akwai dogon yaro babba a gefen ƙofar, wanda kaurinsa sai mutum biyu sun haɗa hannu kafin su zagaye shi, saiwoyinsa sun ɓullo sama sun yi santsi saboda yawan zama, an kafa ƙusa a jikinsa an rataye buta da jakar fata. A ƙarƙashinsa akwai wani dattijo mai rubuta wa mutane takardar ƙara, da ɗan teburinsa da dutsen da yake danne takardu don kada iska ta kwashe su. Ga mai ruwan sanyi, ga mai goro, ga wata tsohuwa da ta shimfiɗa gefen mayafinta ta kwantar da jikanta, ga wasu mutum biyu da na fahimci su ne masu husumar, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya amma inuwa ɗaya ta haɗa su. Duk sa'ad da rana ta gusa, sai jama'ar nan su ɗan matsa gaba ɗaya, dattijo ya ja teburinsa, ba tare da wani ya ce wa wani komai ba.

Na gaishe shi, na ce, "Baba, wa ya dasa wannan itace?"

Ya ɗaga kai ya dube ni, ya ce, "Wallahi ɗana, nan munka ishe shi. Wanda yad dasa shi ya daɗe da riga mu gidan gaskiya, Allah shi jiƙan shi. Kai dai duba: mutum shi taso tun daga Kware ko Gwadabawa da asuba, a ce mai alƙali bai zamna ba sai hantsi, ina za shi? Alƙali na da soro, ma'aikata na da ofis, talakka ko wanga icce shi an nashi. Kuma sau nawa na ga an shirya nan, kahin a kira ƙara."

Maganar dattijon nan ta ƙarshe ta tsaya mini a rai, domin ta nuna cewa itacen yana daga cikin aikin kotun, ko da yake ba a rubuta shi cikin dokokinta ba. Hukuma a ƙasarmu wuri ne da ake jira, kuma mai jira galibi shi ne mai rauni: mai ƙara, mai jinya, tsoho mai bin kuɗin fansho, uwar da ta kawo ɗanta rajista. Ginin da aka yi domin hidimar jama'a ba ya ɗaukar ko rabin waɗanda suke zuwa gare shi, sauran a waje suke wuni. Na ga haka a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda masu jinya daga Kabi da Zamfara, har da mutanen Ƙonni na ƙasar Nijar, suke shimfiɗa tabarmi a gindin itatuwa, a nan suke cin abinci, a nan suke salla, a nan wani lokaci ake zuwa a gaya musu an sami sauƙi ko an yi rashi. Na kuma ga haka a mazaunin jami'ar na dindindin, wadda aka kafa a 1975, bayan an ƙetare fadamar Rima ta Kwalkwalawa, inda jerin dogon yaro yake tare iska da ƙura, ɗalibai kuma suke bitar karatu a ƙarƙashinsa sa'ad da ɗakuna suka gagari zama.

Ma'abota ilmin fiƙihu ba za su yi mamakin wannan ba. A mazhabar Malikiyya dasa itace yana daga cikin hanyoyin raya mataccen wuri, kuma itaciya tana da hariminta kamar yadda rijiya take da nata, wato wani yanki a kewayenta da ba a yarda a yi abin da zai cuce ta a cikinsa ba; Malam Abdullahi na Gwandu ma ya yi talifi a kan hukunce-hukuncen matattun filaye. Hadisi ingantacce ya tabbatar da cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga dashen Musulmi sadaka ce gare shi, kuma Halifa Abubakar, Allah Ya yarda da shi, ya hana rundunarsa sare itace mai 'ya'ya ko da a fagen yaƙi. Alhazan Sakkwato da suka tsaya a Arfa a shekarun nan sun ga dubban dogon yaro da aka dasa a filin domin inuwar baƙin Allah, suka gane shi tun daga nesa. Maƙwabtanmu kuma na kwarin Majiya, wajen Buza a ƙasar Nijar, sun jera shi layi-layi tun daga 1975 domin ya tare musu iskar da ke kwashe ƙasar gona.

Ba na cewa dogon yaro ba shi da aibi. Manoma suna kukan cewa amfanin gona ba ya yin kyau kusa da shi, magina suna cewa saiwarsa tana tsaga katanga, jemagu da tsuntsaye kuma sun watsa irinsa har ya mamaye wuraren da a da tsamiya da kanya da magarya suke. Dogaro ga jinsi ɗaya ma hatsari ne, kamar yadda aka gani wajen 1990, sa'ad da wata cuta ta kama shi a Nijar da yankin tafkin Cadi, rassansa suka riƙa bushewa daga sama, hankalin masana ya tashi. Da ni ake shawara, da na ce a riƙa cuɗanya shi da maɗaci da tsamiya da durumi, ko da sun fi shi jinkiri, domin tsamiya tana ba da inuwa mai sanyi ta kuma ba da abin kunu, maɗaci kuwa idan ya girma babu itacen da ya kai shi kwarjini a bakin hanya.

Amma abin da ya ɓata mini rai a wannan tafiya wani abu ne dabam. Ma'aikatar da na je domin buƙatar ɗan'uwana an sabunta gininta, an yi mata fenti da gilasai, kuma masu gadi sun shaida mini cewa da akwai manyan itatuwa a harabar, aka sare su domin a shimfiɗa dutsen daɓe a kuma sami wurin ajiye motoci. A madadinsu an jera wani siririn itace, shi ma ɗan Indiya, wanda yanzu ake yayinsa a ƙofar bankuna da gidajen manya, ganyensa a sunkuye, tsaye cak kamar laimar da aka naɗe, tare da wasu 'yan dabinai na ado a bakin ƙofa. Kore ne shar rani da damina, babu shakka, kuma yana kyau a hoto. Sai dai inuwarsa ba ta isa ko akuya ta fake ba, inuwar giginya ma ta fi ta, tunda ita aƙalla na nesa kan sha. Motocin manyan ma'aikata suna ƙarƙashin rumfar kwano, mu kuwa masu jira, har da wani tsoho mai sanda da ya zo bin haƙƙinsa, muna manne da katanga muna bin 'yar inuwar da take bayarwa, wadda da rana ta take tsaka sai ta ɓace. Dutsen daɓen ya ɗauki zafi yana mayar wa mutane a fuska. Waɗanda suka tsara wannan haraba sun riƙe siffar al'adar, wato a ga kore a ƙofar hukuma, suka jefar da maslahar da aka kafa ta dominta, kuma ina ganin wannan zalunci ne ga mai rauni, ko da ba a yi shi da nufin zalunci ba.

Haka nan faɗaɗa tituna ya ci itatuwa masu yawa a garin, tsadar makamashi kuma ta sa gatari bai bar na bayan gari ba, ga motocin icen girki suna shigowa kullum. Sakkwato tana cikin jihohi 11 na arewacin Nijeriya da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, ya shafa, kuma kowace damina akan yi bikin dashe, manya su sa hannu a ɗauki hoto. Amma wanda ya san fari na 1973 da na 1984 ya san cewa dashe ba ya rayuwa da biki, sai da wanda zai ɗauki bokiti a watan Maris.

Kafin in bar garin na tsaya wurin wani mai renon itatuwa a bakin hanya, wanda ya jera dashensa cikin ledojin ruwan sha da ya tsinto ya cika da ƙasa da taki, ya yi musu rumfar zana, yana yayyafa musu ruwa da gwangwanin da ya huhhuda. Na tambaye shi wanne aka fi saye. Ya ce, "Alhaji, masu kuɗi na ado suka so. Dogon yaro da maɗaci sai malaman makaranta da masu gina masallaci." Kuɗin dashe ɗaya bai kai na kwanon abinci ba, abin da yake buƙata shi ne rami mai zurfi, da kewayen ƙaya ko bulo saboda awaki, da ban ruwa na rani biyu ko uku, daga nan ya tsaya da kansa ya yi wa mutane hidima shekaru da dama.

Saboda haka ina roƙon shugabannin ma'aikatu da alƙalai da shugabannin makarantu da na asibitoci a Sakkwato, da masu zana gine-ginen gwamnati da 'yan kwangilar da ake ba aikin, cewa duk sa'ad da za a sabunta wata haraba, a fara ƙidaya itatuwan da ke cikinta a sa su cikin tsarin ginin, kada a sare ko ɗaya sai bisa larura, wanda aka sare kuma a maye gurbinsa da mai inuwa, a kuma ɗora alhakin ban ruwansa a wuyan wani ma'aikaci da aka sani da suna. Kai kuma mai karatu, idan akwai makaranta ko asibiti ko masallaci a unguwarku da ƙofarsa take fayau, kada ka jira hukuma. Ka nemi izinin masu wurin, ka haƙa raminka tun yanzu, ka dasa da ruwan farko na watan Yuni.